Kukun da Ke Ɓata Girkinsa

Idan ka je Makka ka shiga unguwar Ka'akiyya ka tambayi gidan Yari kuku, kafin a nuna maka hanya sai an yi dariya. Wani ya ce, "Wanne, mai manta gishiri?" Wani ya ce, "A'a, mai ƙona gindin tukunya dai." To, kada ka saurare su. Mutumin nan shi ke riƙe da madafar wani gidan abinci a Rusaifa, kuma daga ƙarshen Makka ake tahowa a bi layi saboda salig ɗinsa, wato shinkafar nan ta mutanen Hijaz da ake dafawa da romon kaza da madara har ta yi laushi kamar fate. A wurin aiki ba a taɓa dawo masa da faranti ba. A gidan hayar da yake kwana ne kaɗai sunansa ya zube, kuma shi ya zubar da abinsa da hannunsa.

Yari ɗan Maraɗi ne, gajere mai faɗin kafaɗa, yana tafe yana rangaji sai ka ce da buhu a kansa. Bai taso da niyyar girki ba. Yana saurayi ya bi abokansa arewa, ta Agadas, da nufin tsallaka teku zuwa Turai. Da suka isa gaɓa ya kalli ruwan, ya kalli kwale-kwalen da aka ce su shiga, ya ce shi fa uwarsa ba kifi ta haifa ba. Sauran suka wuce. Shi ya gangara Kazabalanka ta ƙasar Maroko, ya kama dako a kasuwar kayan miya, wata rana a ci, wata rana a sha ruwa a kwanta.

A nan wata tsohuwa ta tsince shi. 'Yar firit ce, da baƙin ɗankwali da tabarau a ƙarshen hanci, amma in ta ɗaga murya har mai kifi na can ƙarshen kasuwa sai ya waiwayo. Lalla Nora ake ce mata, domin Lalla mutanen can ke kiran dattijuwa. Ta sayi buhun albasa, ta nuna Yari da yatsa, ya ɗauka ya bi ta lungu-lungu har wani tsohon gida mai faɗin tsakar gida. Ciki tukwane ne manya a jere, mata na feraye, yara kuwa sun cika wani dogon tebur suna buga cokula.

Da ya sauke kaya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka ci abinci?"

Ya ce ya ci. Cikinsa kuwa ya zaɓi wannan lokacin ya yi ƙugi, irin wanda ba a ɗora wa kowa. Tsohuwar ta yi kamar kurma ce. Ta juya ta ciko kwano da miyar wake da nama ta miƙo masa.

"To tunda ka ƙoshi, taimake ni, ɗana. Harshena ya tsufa, ba na jin ɗanɗano. Ɗanɗana mini ka faɗi abin da ta rasa."

Ya kai cokali ɗaya ya ce lafiya lau take. Ta harare shi ta saman tabarau.

"Da cokali ɗaya ake sanin miya? A ƙasa laifin yake. Kai ƙasa."

Ya kai ƙasa, har ya sa burodi ya suɗe. Ya ce da an ƙara yaji kaɗan. Ta tafa hannu ta yi wa matan tsawa, wai ga baƙo daga zuwa ya gano abin da su duka suka kasa. Ta ce gobe ya dawo, tana neman mai baki irin nasa, kuma ga tukwane na jiran wanki.

Sai da ya kwana biyu yana wanke-wanke ya gane Yahudawa ne. Gaskiya gabansa ya faɗi, don abin da ya sha ji a gida game da su ba mai daɗi ba ne. Ya ce bari ya zuba ido. Ya zuba ido ya ga madafar ta ƙungiyarsu ce ta taimakon marasa ƙarfi: tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa, matan da maza suka mutu suka bari, da yaran da ke zuwa cin rana in an tashi makaranta. Yaran kuma ba nasu kaɗai ba, har da na maƙwabta Musulmi, ba a tambayar kowa sunan ubansa a bakin ƙofa. Ran Juma'a in lokacin masallaci ya yi, ita ke ƙwace ludayi daga hannunsa ta ce ya tafi kada ya ja mata alhaki, amma ya dawo da gudu, don su kafin rana ta faɗi dole a gama komai, Asabar ba sa hura wuta.

Akwai wani ɗan akwati a jikin bango da masu zuwa ke jefa abin da ya sawwaƙa. Ya ji suna kiran abin tsedaka. Ya ce, "Lalla, sadaka ake cewa." Ta ce, "Ku ne kuka tauna ta kuka ɓata." Ya ce su ne dai suka ƙara mata harafi don son iyawa. Shekarun da ya yi a gidan ba su daina wannan musu ba. Abin da ya riƙe dai shi ne bayanin da ta yi masa, cewa a bakinsu kalmar ba alfarma take nufi ba, hakki ne, kamar ka mayar wa mutum abinsa da ya ajiye a wurinka.

To amma mayar wa mutum abinsa ma sai da dabara, in mutumin mai zuciya ne. Akwai gidajen da ko yunwa za ta kashe su ba za su tako madafar ba. Su ake bi da tukunya, Yari ne mai ɗauka. Lalla Nora ba ta taɓa barin ya ce ga abinci an aiko ba. Cewa zai yi, "Lalla ta ce a ɗanɗana mata." Kuma kafin a rufe tukunyar sai ta tabbatar ta bar mata ɗan aibu, ko gishiri ya gaza, ko ruwa ya ɗan yi yawa, abin da dai ba zai hana ci ba. Akwai wani tsohon tela mai 'ya'yan riƙo cike da ɗaki, shi kullum da zagi yake dawo da tukunya, wai a gaya wa Nora tun tana budurwa ba ta iya girki ba. In Yari ya kawo saƙon, sai ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Lalla, mutum shi ci naki shi zage ki, ki yi murna?"

Ta ce, "Ya cinye?"

"Tas."

"Yaran fa?"

"Har da lashe murfi."

"To bar shi ya zaga. Yau ya kwana yana jin shi ya yi mini aiki."

Sau ɗaya ta taɓa yi masa faɗan gaske, ranar da ya ɗauki ludayin tukunyar nama ya tsoma a madarar yara. Su a addininsu nama da madara ba sa haɗuwa, ko cokalinsu ba ɗaya ba ne. Tabɗi! Tsohuwa ta biyo shi da tsumman goge tebur, ya zagaya tsakar gida sau ba adadi, yara na ihu suna ba shi hanya. Daga ranar ko a mafarki ya ga madara kusa da nama sai ya farka.

Da ƙarfinta ya ƙare, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita Faransa, wasu suka karɓi madafar. Yari ya komo Maraɗi da sana'a a hannu, ya auri Saudat, suka haifi 'ya'ya, ya yi ta girkin biki da na suna. Daga baya wani ɗan garinsu ya samo masa aiki a Makka, da iƙama, wato takardar izinin zama, da komai a kan ƙa'ida. Ranar farko da aka nuna masa yadda ake salig, aka ce ya tuttula madara a cikin romon kaza, wallahi sai da ya waiwaya bayansa. Bai ga kowa da tsumma ba, ya yi bisimilla ya zuba. Kafin shekara ta zagayo ya fi wanda ya koya masa. In aka tambaye shi inda ya samo hannu, cewa yake wurin wata tsohuwa Bayahudiya, kuma ba ya rage murya in zai faɗa. Wasu su yi shiru, wasu su ce Allah mai iko, shi dai ya ci gaba da juya tukunyarsa.

Ɗakinsa na Ka'akiyya a ƙasa yake, gindin matakala. A saman kansa Mukhtaru ke zaune da iyalinsa. Mukhtaru haifaffen unguwar Jarwal ne a nan Makka, jikan wani alhaji da ya tako daga Sakkwato da ƙafa bai koma ba. Dogo ne, farar jallabiyarsa kullum a goge, Hausarsa rabi Larabci. Da yana da shagon carbi da darduma kusa da Harami, aka rushe layin aka yi otal-otal. Ya koma jigilar alhazai a mota, sai ciwon baya ya kwantar da shi, mota ta tafi wajen magani. Matarsa Rabi'atu na ɗan ɗinki a ɗaka, ɗinkin ne ke kawo burodi da shayi. Kowa a gidan ya san halin da suke ciki, kuma kowa ya san ba a taɓawa. An taɓa ajiye masa kwalin kayan abinci a ƙofa, irin wanda ƙungiyoyi ke rabawa. Da wannan bayan nasa ya rungumo kwalin, ya sauko da shi hawa-hawa yana nishi, ya dire a bakin titi. Ya ce jikan wanda ya tako Makka da ƙafa ba a ajiye masa kwali.

Wannan duk Yari bai sa baki ba, ya ce babba ya san abin da ya fi masa. Yaran Mukhtaru ne suka hana shi sukuni. Taha da ƙanwarsa Rawan sun tsiri zama a matakala da la'asar, daidai lokacin da yake dawowa hutu ya ɗora 'yar tukunyarsa. Ba sa roƙo, ba sa leƙe, zama kawai suke suna shaƙa. Ran nan ya zubo faranti ya miƙa musu. Taha ya haɗiye yawu ya ce, "Shukran, ya ammu, mun ƙoshi."

Rawan ta gyaɗa kai ta ƙara da 'yar Hausarta, "Baba ya ce mu ce haka."

Yayan ya mintsine ta, suka ruga sama. Yari ya tsaya da faranti a hannu, abincin ya fita ransa. Ya san in ya matsa, uban zai hana su ko zaman matakalar. Ya kuma san yaran nan sun rame, wuyan Taha ya yi tsawo a cikin rigar makaranta.

Washegari ya sayo kaji da shinkafa da madara daga aljihunsa, ya dafa salig cike da tire. Da ya zo sa gishiri, ya ɗebo daidai, ya tsaya, ya mayar da rabi cikin gwangwani. Ransa ya sosu, don kuku ne na gaske, amma ya daure. Ya hau sama ya yi sallama.

Mukhtaru ya buɗe, ya ga tire, fuskarsa ta ɗaure nan take.

"Khair, ya Yari? Lafiya?"

"Abu Taha, matsala ce ta kawo ni, kuma kunya nike ji. Mai gidan da nike ma aiki ya ce salig ɗina na baƙi ne, ba na 'yan Makka ba. In ban gyara ba, ban san abin da za ya biyo baya ba. Na duba gidan ga kaf, ban ga ɗan Makka na asali ba sai kai."

Ƙarya ce tsagwaronta, Allah ya yafe masa, mai gidan nan kullum sumbatar kansa yake. Amma ka ga yadda kafaɗar Mukhtaru ta miƙe! Ya ce ai dama salig ba a koyonsa a gidan sayar da abinci, a gindin murhun uwa ake koya, kuma a Jarwal kaf ba a yi mai salig kamar mahaifiyarsa ba, Allah ya jiƙanta. Sai ya sake duban tiren da zargi.

"Ɗanɗano ne har tire guda?"

"Baki ɗaya ba ya isa, Abu Taha. A ba Ummu Taha ta ji, a ba yara. Yara ba su iya kara ba, su za su faɗa mini gaskiya."

Mukhtaru ya ce, "Tayyib. Don maƙwabtaka." Ya karɓa kamar mai yi wa Yari alfarma.

Kafin magariba tire ya sauko a wanke, Mukhtaru da kansa ya kawo. Ya ce, "Ka yi haƙuri, zan faɗa maka gaskiya, mai gidanka bai zalunce ka ba. Wannan ai lami ne. Kai ba ka ɗanɗanawa in kana girki?" Yari ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa uzuri, gobe zai gyara. Yana rufe ƙofa ya daka tsalle a tsakar ɗaki, da girmansa da furfurarsa.

Gobe gishiri ya yi daidai, amma madara ta gaza. Jibi madara ta ji, sai gindin ya ɗan kama. Rannan kaza ta bushe. Rannan miyar tumatir da ake ci da shi ta yi ruwa. Da salig ya ishi kowa, ya ce mai gida ya fara ƙorafi a kan shinkafar buhari, aka koma kanta, daga nan aka shiga miyar kuɓewa. Rabi'atu daga bayan labule take ba da nata hukuncin, kuma ba ta sassautawa. "Malam Yari, wai da wane hannun kake auna ruwa? Kai in ka gyara gabas sai yamma ta ɓalle!" Ya ce, "Ummu Taha, kan ne ya tsufa." Ta ce Allah ya kyauta, ita tausayin matarsa take ji.

Kada ka ɗauka abin da sauƙi. Ɓata girki da gangan ya fi gyara shi wuya, in hannu ya riga ya saba. Sai ya tsaya ya yi tunani: yau me zan lalata wanda yara ba za su ƙi ci ba? Ranar da zai ƙona gindin tukunya, tsayawa ya yi a kanta yana jin ƙauri na tashi, yana salati kamar mai kallon gidansa na ci da wuta. Ga kuma surutu. Mukhtaru ba ya iya riƙe nasara, duk wanda ya gamu da shi a ƙofar masallaci sai ya ba shi labarin yadda yake koya wa kukun Rusaifa girki. Magana ta zagaya unguwa. Mai shagon kusurwa in Yari ya zo sayayya sai ya ɗora masa ƙullin gishiri a kan kaya, wai kyauta, don kada a manta. Abin na yi masa ciwo, ba zai ɓoye ba, mutum ya yi shekaru yana gina suna a wayi gari yara na yi masa waƙa. In ya ji zafin ya taso, sai ya leƙa matakala. Ba kowa a kanta da la'asar yanzu, suna waje suna ƙwallo, kumatun Rawan sun ciko har ido na shigewa in ta yi dariya.

Tsoronsa ɗaya ne, kada Mukhtaru ya gane. Ya san ranar da ya gane, tire zai bi hanyar kwali, yara su koma burodi da shayi, kuma ko gaisuwa ba za ta sake haɗa su ba.

Ana nan, wata Juma'a da hantsi, ranar hutunsa, ya ɗora romo ke nan sai waya ta yi ƙara. Saudat ce daga Maraɗi, tana guɗa tun kafin ta yi sallama. Babbar 'yarsu Hussaina ta sauka lafiya, namiji, jikansu na fari. Wayyo daɗi! Yari ya saƙale waya a kafaɗa, yana dariya yana hawaye, a miƙa wa wannan a miƙa wa waccan, a kara masa kukan jariri a kunne ya ce a sake. Duk wannan hidima hannunsa na aiki shi kaɗai. Ya tace romo, ya zuba shinkafa, ya bi da madara a lokacinta, ya sa gishiri, ya juya, ya gasa kaza ta yi ja, ya malala man shanu a kai. Bai san ya yi ba. Ya kai tire sama yana 'yar waƙa, ya ba da albishir, aka yi masa barka, ya wuce masallaci.

Sai da ya dawo ya zauna cin ɗan abin da ya rage a tukunya. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Ya kai ta biyu.

"Innalillahi," in ji shi. "Na kashe kaina."

Salig ne wanda ko a Rusaifa bai taɓa yin kamarsa ba. Ya laluba ta ko'ina, ya kankare gindi, ya ɗanɗani miyar, ko aibu ɗaya babu. Jiya-jiya ya kai musu shinkafa mai ruwa tsamo-tsamo kamar ta ɗan koyo. Wane mai hankali zai yarda hannu ɗaya ne ya yi su?

A sama kuwa an shimfiɗa ledar cin abinci, an zauna. Rabi'atu ta kai loma ta ajiye cokali, ta dubi mijinta. Mukhtaru ya ci. Ya sake ci. Rabonsa da wannan ɗanɗano tun mahaifiyarsa na da rai, a tsohon gidansu na Jarwal da yanzu ko tubalinsa babu. Shi ba yaro ba ne. Ya san ba a kwana ɗaya a tashi da irin wannan hannu, kuma wanda ya iya wannan bai taɓa manta gishiri ba a rayuwarsa. Ya tuna kuskuren da ke sauya wuri kullum, ba ya maimaita kansa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ta juye ta zama fushi. Ya kama gefen tire zai miƙe da shi. Sai ya ga Rawan ta riƙe cinyar kaza da hannu biyu, maiƙo har gwiwar hannu, Taha kuma na tura mata ɓangaren da ya fi man shanu. Ya daɗe yana kallonsu. Ya saki tiren.

La'asar ta yi, tire bai sauko ba. Yari ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya share ɗakin da ya riga ya share, ya buɗe ƙofa ya rufe, murnar jika duk ta bi iska. Can rana ta yi sanyi ya ji takun Mukhtaru, hawa ɗaya, hutu, hawa ɗaya. Ya buɗe tun kafin a ƙwanƙwasa.

Mukhtaru na tsaye da tire a wanke, idanunsa jawur. Suka dubi juna. Yari ya buɗe baki zai fara rantse-rantse, Mukhtaru ya ɗaga masa hannu.

"Ya Yari, salig ɗin yau."

"Na'am, Abu Taha."

Mukhtaru ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya. Kana gani ka san aibu yake nema, kuma bai samu ba.

"Ya cika zafi," ya ce daga ƙarshe. "Sai da muka jira ya huce."

"Ash! Laifina ne. A yi haƙuri."

"Gobe ka gyara."

"In sha Allahu."

Yari ya miƙa hannu zai karɓi tire. Mukhtaru bai saki ba.

"Kuma bakin gidana kaɗai ba zai ishe ka ba, kanka da tauri. Akwai wata Maryama a gidan da ke bayan masallaci, mijinta ya rasu bara, ta rage ita da yara. Mutuniyar kirki ce, amma ko ruwa ba ta karɓa a hannun mutane. Ta san girki ƙwarai. Gobe ka yi tire biyu, Ummu Taha za ta kai mata ta ɗanɗana."

Yari ya gyaɗa kai. Mukhtaru ya sakar masa tiren, ya juya ya dafa bango ya fara hawa. Ya taka biyu ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In ka sauke nata, ka kira ni kafin ka rufe. Ni zan ɓata shi da kaina. Kai hannunka ba abin yarda ba ne."